Kano Pillars: Me magoya baya ke fata a kakar wasa mai zuwa?

A duk lokacin da sabuwar kakar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙarato a Najeriya, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu sha'awar wasan a birnin Kano: shin bana Kano Pillars za ta koma matsayin da aka san ta da shi?

Rabon ƙungiyar da ta ɗauki kofin babbar gasar ƙasar tun shekarar 2014, kuma rabonta da kowane irin babban kofi tun 2019.

Ga ƙungiyar da ta taɓa lashe gasar sau uku a jere, wannan jira ya yi tsawo.

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni, inda ɗimbin matasa ke bin ƙungiyar sau da ƙafa, muhawarar kan ɗauki zafi tun daga watan Yuli, lokacin da ake cinikin 'yan wasa. Ana yin ta a majalisu, da teburan masu shayi na gefen titin Zariya da titin Kotu, da rumfunan kasuwar waya ta Farm Centre, da kuma gidajen kallon ƙwallo kafin a kunna janareta.

Galibi magoya bayan kan rabu gida biyu. Akwai masu ganin cewa da zarar an sayo fitattun 'yan wasa uku ko huɗu, to kofi ya dawo Kano. Akwai kuma masu cewa sun sha jin irin wannan alkawari, don haka sai sun gani a ƙasa.

Sai dai tarihin ƙungiyar na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa akwai wani abu da ya fi sunayen 'yan wasa tasiri a kan makomarta, wato ko za a bar ta ta buga dukkan wasanninta na gida a Kano. Wannan kuwa ya rataya ne, a wani ɓangare, a wuyan su kansu magoya bayan.

Tushen alfahari

An kafa Kano Pillars ne a shekarar 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda, wato WRECA, da Golden Stars, da Bank of the North. Cikin waɗanda suka jagoranci kafa ta har da Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya.

Kafin wannan lokaci, Raccah Rovers ce ke riƙe da tutar Kano, kuma ita ce ta lashe gasar ƙasar a 1978.

Pillars ta ɗauki kofinta na farko a 2008 a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Daga nan ta sake ɗauka a 2012 da 2013 tare da Mohammed Babaganaru, sannan a 2014 tare da Okey Emordi.

A shekarar 2009 ne nahiyar Afirka ta san da zamanta, lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar cin kofin zakarun nahiyar, alhali Al Ahly ɗin ce ke riƙe da kofin. Pillars ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda wata ƙungiyar ta Najeriya, Heartland ta Owerri, ta taka mata birki.

A 2019 kuma ta lashe kofin ƙalubale a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Wannan nasara ta share wa magoya baya hawayen 2018, shekarar da ƙungiyar ta ci Enugu Rangers uku da nema a wasan ƙarshe a Asaba, amma Rangers ta farke duka ukun, ta kuma yi nasara a bugun fenariti.

Matashin da yake ɗan makarantar firamare a Tarauni a 2012 ya girma ne yana ganin cin kofi abu ne da aka saba. Shi ya sa da wuya a gamsar da irinsa cewa ƙarewa a tsakiyar tebur wani ci gaba ne.

Lissafin maki

Kirarin ƙungiyar, "Sai Masu Gida", ba a banza aka yi shi ba.

Daga shekarar 2003 zuwa watan Agustan 2015, Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasannin gasar, wato sama da wasanni 200. Nasarawa United ce ta kawo ƙarshen wannan tarihi da ci biyu da ɗaya.

Dukkan kofunan gasar guda huɗu da ƙungiyar ta ɗauka, a cikin waɗannan shekaru ta ɗauke su.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙungiyoyi 20 ne ke fafatawa a babbar gasar Najeriya, kowacce tana buga wasa 38, wato 19 a gida, 19 a waje. Nasara maki uku ce, kunnen doki kuma maki ɗaya.

Ƙungiyar da ta cinye dukkan wasanninta na gida tana da maki 57 a hannu tun kafin a yi maganar waje.

Enugu Rangers ta zama zakara a 2024 da maki 70, Remo Stars kuma ta ɗauki kofin 2025 da maki 71. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe gidanta da kyau, abin da take buƙata daga waje bai wuce nasara uku ko huɗu da 'yan kunnen doki ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyoyi huɗu na ƙasan tebur ne ke faɗawa rukuni na biyu a kowace shekara, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin wadda ta tsira da wadda ta faɗa ba ta wuce maki biyu ko uku ba.

A gasar da cin wasa a waje ke da matuƙar wuya, duk ƙungiyar da ta rasa gidanta ta rasa jarinta.

Gidan da ake rufewa

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ke ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu 16, shi ne gidan Pillars. Ya karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta matasa a 1999, da gasar cin kofin ƙasashen Afirka a 2000, da kuma ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Yana cikin filayen da suka fi cika a Najeriya, abin da ya sa baƙin ƙungiyoyi ke shakkar zuwa Kano.

To amma tun daga 2020, ƙungiyar ta sha yin nesa da wannan fili.

A waccan shekarar an mayar da shi cibiyar killace masu cutar korona, abin da ya sa Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna.

Da ta dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasan da ta yi da Katsina United ya ƙare da tarzoma, inda wasu 'yan kallo suka farfasa motar baƙin. Hukumar shirya gasar ta zabge wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta Abuja.

A watan Yunin wannan shekarar aka sake hukunta ta, bayan da aka kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a karawarta da Dakkada.

A ƙarshen kakar, ƙungiyar da ta lashe gasar sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United, da Heartland, da MFM ta Legas. Sai a 2023 ta sake haurowa.

Mutane da dama sun ɗauka cewa wannan darasi ya isa. Amma a watan Oktoban 2025, bayan da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya, wasu 'yan kallo sun kutsa cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙin.

Hukuncin bai ɓata lokaci ba: an cire wa Pillars maki uku da ƙwallaye uku, an ci ta tarar naira miliyan tara da rabi, sannan aka mayar da wasanninta na gida filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina.

Ko a 2019, lokacin da aka yi wasannin fitar da zakara a filin Agege da ke Legas, an ci ƙungiyar tara saboda kutsen da magoya bayanta suka yi a karawarta da Rangers.

Masu kare 'yan kallon kan ce alƙalan wasa ne ke tunzura jama'a da hukuncin son zuciya, kuma ƙorafi a kan alƙalanci tsohon abu ne a gasar Najeriya, ba a Kano kaɗai ba. Sai dai dokar gasar ba ta duba wanda ya fara tsokana. Ƙungiyar da ke gida ita ke da alhakin tsaron baƙi da alƙalai, kuma ita ake hukuntawa.

Ma'ana, mutane ƙalilan da suka haura shinge na iya jawo wa ƙungiyar asarar da ta fi ta rasa gwanin ɗan wasanta.

Kuɗin mota

Ga mai goyon bayan Pillars da ke zaune a Gyadi-Gyadi, zuwa filin Ƙofar Mata ba wani aiki ba ne. Zai tari Adaidaita Sahu a titin Zariya, ya bi ta Ƙofar Nasarawa, cikin ɗan lokaci ya isa. Wasu ma da ƙafa suke takawa a ƙungiyance.

Da yake galibi da misalin ƙarfe huɗu na yamma ake take wasa, mutum zai iya buɗe shagonsa da safe, ya rufe bayan azahar, ya kalli wasa, ya koma gida da magariba.

Idan aka mayar da wasa wani gari kuwa, lissafin ya sauya. Katsina na da nisan kimanin kilomita 170 daga Kano, Kaduna ta haura kilomita 200, Abuja kuma ta haura 400.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, ta yadda zuwa kallon wasa ɗaya a wani gari kan cinye abin da ƙaramin ɗan kasuwa ko mai gyaran waya zai samu a kwanaki. Ga kuma asarar yini guda na sana'a, da dawowa cikin dare a kan hanyoyin da matafiya ke ɗari-ɗari da su.

Asarar ba ta tsaya ga 'yan kallo ba. Masu sayar da ruwa, da rake, da gurasa, da tsire, da rigunan ƙungiyar masu launin kore da ɗorawa, duk suna samun ciniki ne a ranar wasa. Haka ma direbobin Adaidaita Sahu.

Ita kanta ƙungiyar tana rasa kuɗin tikiti, sannan ta ƙara kashe wasu a kan masauki da sufuri, a wasan da sunansa na gida ne.

Shi ya sa a 'yan shekarun nan, muhawarar magoya baya ta fara sauya salo. Bayan tambayar wa aka sayo, yanzu ana tambayar wa zai tsare ƙofa, da yadda za a hana shiga da duwatsu da makamai, da kuma ko shugabannin ƙungiyar magoya baya za su iya tsawata wa nasu.

Tafiya mai nisa

Wasannin waje su ne ɗaya rabin lissafin, kuma nan ma akwai abin dubawa.

Yawancin ƙungiyoyin gasar suna kudancin ƙasar ne ko yankin tsakiya. Tafiya daga Kano zuwa Legas, ko Fatakwal, ko Uyo, ta kai kilomita dubu ko fiye, kuma a mota ake yin mafi yawanta.

Idan aka buga wasa a tsakiyar mako sannan aka sake bugawa ranar Lahadi, 'yan wasa kan shafe lokacin hutunsu a zaune cikin bas.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Maris na 2015, 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kusa da Abaji, a kan hanyarta ta zuwa Owerri domin wasan farko na kaka. 'Yan wasa biyar ne suka ji rauni, ciki har da ɗan wasan gaba Gambo Mohammed. A waccan shekarar ce Pillars ta rasa kambinta a hannun Enyimba.

Duk da haka, masu kyautata zato suna da hujjarsu. A watan Disamban 2023, Pillars ta je har Gombe ta doke Gombe United da ci biyar da biyu, inda matashi Yusuf Abdullahi ya zura dukkan ƙwallayen biyar. A watan Oktoban 2024 kuma ta doke Rangers, mai riƙe da kofi a lokacin, da ci huɗu da uku a Enugu.

Irin waɗannan wasanni sun nuna cewa cin wasa a waje ya fara yiwuwa, musamman da yake yanzu ana nuna wasanni da dama a talabijin da intanet, abin da ke sa alƙalin wasa ya san idon jama'a na kansa.

To amma a kakannin biyun da aka yi waɗannan nasarori, a tsakiyar tebur Pillars ta ƙare. Nasara ɗaya mai armashi ba ta gina kaka.

Manyan sunaye

Babu sunan da ya fi motsa zukatan magoya baya kamar na Ahmed Musa.

A Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ya kafa tarihi a gasar a lokacin. Daga nan ya wuce VVV Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, da Leicester City ta Ingila, da Al Nassr ta Saudiyya.

Ya ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu kuma a ragar Iceland a 2018.

Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a watan Oktoban 2024, lokacin da shi ma Shehu Abdullahi, wani tsohon ɗan wasan ƙungiyar da ya buga wa Najeriya, ya dawo gida.

A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Watanni uku bayan haka, shi ne ya fito ya nemi afuwa a kan abin da ya faru a wasan Shooting Stars.

Sai kuma Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ɗan wasan tsakiyar da aka haifa a 1980, wanda ya ci gaba da zura ƙwallaye a gasar har bayan ya haura shekara 40. Ga matasa da yawa a Kano, shi ne hoton ƙungiyar.

Ra'ayin magoya baya ya rabu a kan irin waɗannan 'yan wasa.

Wasu na ganin cewa su ne ke cika fili, su ne ke janyo hankalin kamfanoni da 'yan jarida, kuma ƙwarewarsu ce ke kwantar da hankalin matasa idan wasa ya yi zafi.

Wasu kuma na tambayar wa aka tanada a bayansu. A ganinsu, ƙungiyar da ta dogara da 'yan wasan da ke ƙarshen zamaninsu tana jinkirta matsala ne kawai, kuma kaka mai wasa 38 da doguwar tafiya tana buƙatar ƙafafu masu jini a jika.

Kano ba ta rasa matasa masu hazaƙa ba. Kusan kowace unguwa a ƙaramar hukumar Tarauni, daga Darmanawa zuwa Unguwa Uku da Hotoro, tana da ƙananan kulob-kulob da ke atisaye safe da yamma a filayen makarantu. Matsalar ita ce riƙe wanda ya yi fice.

Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa albashin da ake biya da dala a wasu ƙasashen Afirka ya zarce abin da ƙungiyoyin Najeriya ke iya bayarwa nesa ba kusa ba. Ɗan wasan da ya haskaka a zagayen farko na kaka, ba lallai ne a ƙare kakar da shi ba.

Kuɗi da shugabanci

Kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce. Gwamnati ke naɗa shugabanninta, ita ke biyan albashi da alawus.

Wannan tsari yana da amfaninsa, domin ƙungiyar ba ta fargabar rushewa idan wani attajiri ya gaji ya janye hannunsa. Amma yana da nasa cikas.

Idan aka samu jinkirin fitar da kuɗi daga baitulmali, cinikin 'yan wasa kan makara, sai a tarar wasu ƙungiyoyin sun riga sun kwashe na kirki. Idan gwamnati ta sauya, shugabannin ƙungiyar kan sauya, sabbin kuma su zo da nasu kocin, shi kuma ya zo da nasa 'yan wasan.

Tun bayan dawowarta daga rukuni na biyu a 2023, Pillars ta yi aiki da Abdu Maikaba, da Usman Abdallah, da Evans Ogenyi, sannan a ƙarshen 2025 ta sake kiran Babaganaru, wanda ya ci mata kofi sau biyu. Koci huɗu ke nan a cikin kaka uku.

Masu sharhi kan kwatanta wannan da Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka. Ƙungiyar ta gina filinta da makarantar horar da yara, ta bar koci Daniel Ogunmodede a kan aikinsa, ta zo ta biyu a 2023 da 2024, sannan ta ɗauki kofin a 2025.

Darasin da wasu magoya bayan Pillars ke ɗauka daga nan shi ne, haƙuri da koci ɗaya na tsawon shekaru ya fi sauya shi duk lokacin da aka yi rashin nasara biyu a jere. Sai dai haƙuri abu ne mai wuya a garin da kowa ke ganin kofi haƙƙinsa ne, kuma sau da yawa matsin lambar korar koci daga wurin 'yan kallo yake farawa.

Kishiya a gida

Wani sabon abu da ya shigo cikin lissafin shi ne Barau FC, ƙungiyar da Sanata Barau Jibrin ya kafa, wadda ta hau babbar gasar a 2025.

Shekaru da dama Pillars ce kaɗai ke wakiltar Kano a wannan mataki, don haka duk yaron da ya yi fice a jihar, burinsa ya sa rigarta. Da zuwan Barau FC, ɗan wasa ya samu zaɓi, haka ma ɗan kallo.

Wasu na ganin hakan alheri ne, domin gasa a cikin gida za ta sa shugabannin Pillars su farka. Wasu kuma na fargabar kada siyasa ta shiga tsakani, ganin cewa ɗaya ta gwamnatin jiha ce, ɗayar kuma ta ɗan siyasa.

Amma babbar kishiyar Pillars ta daɗe a gari, wato gasar Ingila da ta Sifaniya.

A gidajen kallo na Gyadi-Gyadi da Tarauni, allon da ake rubuta jadawalin wasanni cike yake da sunayen Arsenal, da Chelsea, da Manchester United, da Barcelona, da Real Madrid. Da yake an daidaita kakar Najeriya da ta Turai, daga watan Agusta zuwa Mayu, wasan Pillars na yammacin Lahadi kan zo daidai da manyan wasannin Ingila.

Kano na cikin garuruwa ƙalilan a Najeriya da matashi zai bar wasan Turai ya tafi filin wasa na garinsu. Wannan ɗabi'a ce da aka gina a cikin shekaru, amma ba ta da tabbacin ɗorewa. Duk watan da aka yi filin Ƙofar Mata na rufe, gidan kallo ne ke cin riba, kuma yaron da ya saba da kujerar gidan kallo ba lallai ne ya dawo ba.

Abin da za a duba

Idan aka tattara ra'ayoyin, fatan magoya baya ya kasu mataki uku.

Mafi ƙaranci shi ne a gama kaka ba tare da fargabar faɗawa rukuni na biyu ba, kuma ba tare da an cire maki ba.

Na tsakiya shi ne komawa wasannin Afirka. Ƙungiyoyi biyu na saman tebur ne ke zuwa gasar zakarun nahiyar, ta uku da wadda ta ci kofin ƙalubale kuma su tafi gasar kofin ƙungiyoyi ta hukumar CAF. A 2019 Asante Kotoko ta Ghana ta fitar da Pillars a zagayen farko na gasar zakarun, a 2020 kuma Jaraaf ta Senegal ta fitar da ita a ɗaya gasar.

Mafi girma kuwa shi ne kofi na biyar, wanda zai rage tazarar da ke tsakaninta da Enyimba, wadda ta ɗauki na tara a 2023.

Masu lura da al'amuran wasanni na ganin cewa wasanni goma na farko kan nuna inda aka dosa. A nan ake gane ko an kammala rajistar 'yan wasa a kan kari, ko ana biyan alawus bayan kowane wasa, ko an bar koci ya yi aikinsa, da kuma ko ƙungiyar na iya tsinto maki ɗaya-ɗaya a waje.

Waɗannan duka suna hannun gwamnati, da shugabanni, da 'yan wasa.

Wanda ke hannun 'yan kallo shi ne abin da zai faru a ranar da baƙo ya farke ƙwallo a minti na 90, ko alƙali ya hana bugun fenaritin da dubban mutane suka yi imanin cewa halal ne.

Irin wannan rana takan zo a kowace kaka. A 2022 ta jawo wa ƙungiyar asarar maki da ta taimaka wajen faɗawarta rukuni na biyu, a 2025 kuma ta kai ta Katsina. Yadda filin Ƙofar Mata zai karɓe ta a karo na gaba shi ne zai nuna ko Pillars za ta samu wasanninta 19 a gida.